Samfurin Ranar Talata

Ina buɗe bayan motar abincin, tsami ya doke ni a hanci. Roba ashirin da huɗu ce ta shinkafa da miyar kaji, murafensu duk sun yi gumi.

"Bawah, tun yaushe abincin nan yake cikin mota?"

Bawah direbanmu ne, mutumin Zangon Kumasi, bai iya ɓoye magana ba. "Walahi, Sunusi, tun ƙarfe shida suka loda. Injin da ke riƙe zafin abincin ya mutu tun shekaranjiya. Na gaya musu, suka ce yalla, tafi."

Ƙarfe ɗaya da rabi ke nan, rana tana narka kwalta. Gabanmu gonar ciyawar dabbobi ce a bayan garin Al Wukair, nan ƙasar Larabawa, kwana biyu tana ci da wuta, 'yan kwana-kwanan kamfaninmu suna fama. An ba wani kamfani kwangilar ciyar da su, ni kuma aka ɗora ni a kan duba abincin: in shinshina, in soka ma'aunin zafi, in sa hannu.

Na kira mudir, shugabanmu, yana can ofis cikin sanyin na'ura.

"Akwai samfur a firij, ko babu?" ya tambaye ni.

"Akwai, amma wannan na motar..."

"Khalas. Ka sa hannu. Ko kuwa in duba maganar iƙamarka ta zama a ƙasar nan?"

Ga yadda zaluncin yake. Ƙa'ida ta ce a ɗebi kowace tukunya a 'yar roba, a ajiye a firij kwana uku, in wani ya kwanta ciwo a gwada. To, a kicin ake ɗiban samfurin da sassafe, yana tururi. Shi ba ya shiga mota, ba ya shan rana awa bakwai. Ni da hannuna na rubuta masa "Talata".

Ina riƙe da biro ƙanena Ɗalhatu ya taho, fuska baƙi ƙirin da hayaƙi. Ni na nema masa aikin nan, ni na tarye shi a filin jirgi.

"Yaya, yunwa za ta riga wuta gamawa da mu," ya ce yana dariya.

Kalma uku kawai: kar ka ci. In na gaya masa shi kaɗai, sauran ashirin da ukun fa? In na gaya wa duka, gobe ina jirgin Kano, ga iyali goma sha ɗaya suna kallon hannuna. Na ce a raina cikin matashi ne, zai narkar. Na sa hannu, na miƙa masa robarsa. Har cinyar kaza na ƙara masa.

* * *

Kafin la'asar mutum tara sun zube. Ɗalhatu ya ƙi sakin tiyon ruwa don kada a ce ɗan Najeriya rago ne. Yana amai, yana gudawa, cikin wannan rigar mai nauyin buhu, har ya faɗi tsakanin damman ciyawa. A asibiti aka ce ruwan jikinsa ya ƙare, ƙoda ta tsaya. Ranar Alhamis da hantsi ya cika.

Aka kai rabin samfurin gwaji, ya fito tsaf. Rahoto ya ce zafin rana ne. Mudir ya dafa kafaɗata yana "Allah yarhamu," da hannun da ya nuna mini inda zan sa hannu a rahoton. Na so in shaƙe shi, wallahi na so. Amma sunan da ke takardar Talata nawa ne, ba nasa ba.

* * *

Juma'a kwana uku suka cika, zubar da samfur kuma aikina ne. Ina tsaye gaban firij da robar a hannu Inna ta kira daga Gwammaja. Muryarta ta dushe, amma ita ke ba ni haƙuri.

"Ka daina kuka, Sunusi. Abu ɗaya ke sanyaya mini rai. Tunda kai ke ba shi abinci, na san ɗana bai tafi da yunwa ba."

"E, Inna. Ya ci."

"Allah ya yi maka albarka."

Na buɗe robar. Ƙamshin kori da albasa ya taso, ko kaɗan bai juya ba. A waje Bawah yana danna hon, motar cike da abincin yau, roba ashirin da uku.