Akwatin Gajere

Ni na riƙe masa tsani ranar. Gajere yana can mataki na tara, sukundireba a bakinsa, ni kuma ina ƙasa ina jin katakon yana rawa a hannuna. Ya cire ta daga baki ya leƙo ni.

"Riƙe da kyau, Malam Jatau. Kai ka ce in hau."

Bai yi ƙarya ba.

Shekara talatin katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa a Talata Mafara. Tsohon ma'aikacin sadarwa ne, yana da rediyo irin wadda ake magana a ciki a ji ka a wani gari. Eriyarsa doguwar waya ce, daga dogonyaron ƙofar gida zuwa wani ƙarfe a bayan ɗaki. A da, duk sanda zai canja zango sai ya hau ya rage wayar ko ya ƙara mata tsawo. Da hawan jini ya kama shi, matarsa Hindu ta rantse ba zai ƙara taka tsani ba. Shi ne ya sayo wani ƙaramin akwati mai ruwan toka, ya sa aka ɗaure a reshe, inda wayar ta fara. Daga ɗaki zai danna maɓalli, akwatin ya yi ƙas-ƙas-ƙas a sama, ya daidaita eriyar da kansa.

Sai aka yanke layukan waya saboda mutanen daji. Ɗiyarsa guda, Surayya, tana aure a Maradun da cikin fari, watan haihuwa ya kama. Ba hanyar jin labarinta sai ta bakin Wakili, tsohon abokin aikinsa a can, mai irin rediyon. Kullum bayan la'asar suke magana.

Wata rana Gajere ya tashi a masallaci ya ce kada kowa ya bi hanyar Faru gobe, Wakili ya ce an ga babura da yawa a gefen daji. Wasu suka ji, wasu suka tafi. Biyu ba su dawo ba.

Ba wanda ya gode masa. Tambaya ɗaya ta cika layin: ya aka yi ya sani? Kafin kwana uku an gama yanke hukunci a wurin mai shayi cewa akwatin nan gidaje yake ƙirga wa ɓarayi, kowace ƙas gida ɗaya. Mata suka daina bi ta ƙarƙashin itacen. Samari suka fara zama a dakalin da ke fuskantar ƙofarsa, ba hira, ba dariya. Ranar da na ga jarkar fetur a tsakanin ƙafafun ɗayansu, na shiga wurinsa.

Ni ban yarda da zancen ba. Amma ni ne babba a layin, kuma na san yadda gari yake yi idan tsoro ya kama shi. Na ce akwatin ya sauka kafin Juma'a. Ya ciro takardar izinin rediyon daga bango, cikin gilashinta, ya miƙo mini. Na ce ni ban iya karanta boko ba, kuma masu jarka ba za su tsaya karantawa ba.

"Bar ni Surayya ta haihu," in ji shi. "Kwana biyu ko ukku. In an cire wanga abu, ni zan ji su, su ba su ji na."

Na ce a'a. Na nemi mai hawa a cikin samarin, kowa ya ƙi taɓa akwatin, kada a ce da shi a ciki. Sai na ce Gajere ya hau da kansa.

Ya kwance waya ɗaya. Yana kai hannu ga ta biyu sai ya tsaya, ya ce mini ƙasa tana juyawa. Sukundirebar ce ta fara faɗowa kusa da ƙafata.

Kwana biyu ya yi a asibiti. Duk farkawar da ya yi, abu ɗaya yake tambaya, ko an yi la'asar. Ranar Alhamis da hantsi ya cika. Samarin dakalin nan su suka ɗauki makara, har da mai jarkar. Hanya ba ta biyuwa, ba a samu wanda zai kai saƙo Maradun ba.

Ranar sadakar uku, bayan la'asar, Hindu ta sa aka kira ni ɗakinsa. Ta kunna rediyon kamar yadda ta saba ganin yana yi, ta koma bayan labule. Cikin shuuu ɗin akwai muryar mutum, nesa, tana zuwa tana ɓacewa.

"Gajere, Gajere, Wakili na. Kana ji na? Surayya ta sauka lahiya. Namiji. Tana tambayar sunan da za ka sa mai."

"Baƙin maɓallin, Malam," Hindu ta ce a hankali. "Shi yaka dannawa."

Na danna. Na saurari itacen, ban ji komai ba. Na ɗauki abin maganar na yi sallama, na sake yi. Wakili ya ci gaba da kiran sunan.

Ta taga ina hango akwatin yana reto a waya ɗaya, iska tana juya shi a hankali.