Kunun Muntaka Ya Daina Ɗaci

Muntaka zabiya ne, manomin rani a Watari. Namiji ne da ba ya tsoron maciji, amma haɗiyar ƙwayar magani ta gagare shi. Tun da likita ya ce kitse ya yi masa yawa a jini, matarsa Furera ce ke murƙushe ƙwayar da bayan cokali ta zuba masa a kunun safe. Ya sha yana yatsina fuska, ya saɓi fartanya ya fita.

Shekarar da fetur ya fi ƙarfin talaka, injin ban ruwa ya koma abin kallo. Muntaka ya dawo ɗibar ruwa da bokiti tun hantsi har la'asar, rana tana gasa shi. Sai wani miki ya fito masa a saman kunne, ya ƙi warkewa.

A gidan suna Furera ta ji abin da ya tsinka mata zuciya. Wata ta kunna saƙon murya a waya, wai maganin kitsen jini yana jawo ciwon daji na fata. Ko abinci ba ta tsaya ci ba. Ashe da hannunta take kashe mijinta? Ba ta gaya masa ba, gudun kada ta ɗaga masa hankali. Ta dai daina zubawa.

"Furera, ko bakina ne ya saba?" in ji shi wata safiya. "Kunun nan ya daina ɗaci."

Ta yi murmushi, ta ji sanyi har cikin ranta. Mikin kuwa bai fasa ci ba.

Tumatir ya fara nuna aka kawo Muntaka gida a amalanke, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace.

A asibiti likita ya duba kunnen. Furera ta daure ta tambaye shi ko ƙwayar ce ta jawo mikin.

"Ba a tabbatar da wannan maganar ba, baiwar Allah. Fata irin tasa, rana ce abin tsoro." Ya juyo ya dube ta. "Yana dai shan maganin kullum?"

 Kafin ta buɗe baki, Muntaka ya miƙo hannun hagu ya kama gefen mayafinta, ya tattaro kalmomin da ƙyar.

"Kullum, likita. A kunu. Ba ta taɓa mantawa ba."