Fajeta na Zangon Kumasi

Shekara tara Zalia ta yi tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu a yankin Bronx na Amurka, ba a taɓa neman ta da suna ba sai a kan wannan tsoho. Matar ofishinsu ta kira ta ta ce wani Bature a unguwar Highbridge ya duba jerin ma'aikata, ya ce in ba ita ba a ƙyale shi.

Ta tarar da shi a keken guragu bakin taga, ɗan shekara tamanin da bakwai, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ko gaisuwa ba su gama ba ya ce, "Sunanki Pargeter?"

"Haka yake a takarda. A Zangon Kumasi Fajeta muke cewa."

"Ni ma Pargeter ne. Shekara arba'in ina bin diddigin sunan nan, ban san ya je Afirka ba."

Tana yi masa wanka da girki, shi kuma bakinsa ba ya hutawa. Ya ce sunan sana'a ne. A Ingila ta dā, haka ake kiran masu yaɓen bango, waɗanda ke shafe gini har su ƙawata shi da zane. Sana'ar ta ja baya, sunan ya zauna. Masu shi ba su taɓa yawa ba. Wasu suka bar ƙauyukansu suka shiga masana'antu, wasu suka hau jirgin ruwa zuwa Amurka da Ostareliya. Kwali uku ya cika da takardunsu. Shi kansa bai yi aure ba, ba ɗa ba jika.

"Ku daga ina kuka samo shi?"

Zalia ba ta sani ba. A gidansu ba a zancen. Ranar Lahadi ta kira Goggo Shamima, ƙanwar babanta, a Kumasi. Tsohuwar ta ba ta labari. Wani Bature ne ma'aikacin reluwe ya ajiye Afua, kakar Goggon, mai sayar da abinci a tasha. Ta haifa masa ɗa. Yaron na rarrafe Baturen ya koma ƙasarsu, ko wasiƙa bai aiko ba. Afua ta dawo Zango, wani mahauci mai suna Ɗanlami ya aure ta, ya riƙe yaron, ya raɗa masa Mutaru, shi ne baban Goggon. Da aka kai shi makaranta sai malamai suka rubuta sunan Baturen, ya bi 'ya'ya da jikoki.

Da ta ba tsohon labari, ya sa ta sauko da kwali na biyu. Ya yi ta lalube da hannu ɗaya har ya zaro wata takarda. Ƙanen kakansa ne, Edwin, ya yi shekara huɗu yana aikin reluwe a ƙasarsu Zalia, wadda ake kira Gold Coast a lokacin, ya koma ya yi aure, ya mutu da tsufa. A ƙarƙashin sunan, da rubutun tsohon kansa, an sa: bai bar baya ba.

"Haka danginmu suka gaya mini," in ji shi.

"Mun haura hamsin," in ji Zalia. Ta shiga kicin ta daɗe tsaye gaban tukunya, ba ta kunna wuta ba.

Kwana biyu bai ci abincin kirki ba. A na uku ya roƙe ta sunayen danginta. Ta ce ba nata ba ne ita kaɗai, sai ta tambaya.

Goggo ta ce, "Ba shi. Amma a fara da Afua, sai Ɗanlami. Shi ya ciyar da baba, shi ya yi masa aure. In tsohon ya ƙi sa shi, kar ki ba shi ko ɗaya."

Tsohon ya ce Ɗanlami ba Pargeter ba ne, tsarin zuriyar da yake rubutawa bai da gurbin irinsa. Zalia ta ninke takardarta ta mayar cikin jaka. Washegari da ta zo, ta tarar ya ja layi da kansa a takardar Edwin, a karkace, ya rubuta sunan mahaucin. Mako uku suka yi tana faɗa yana rubutawa, yana tambayar wa ke ɗinki, wa ke tuƙi, wa ya rasu yana ƙarami.

Ya mutu a watan Afrilu, da hantsi, tana gyara masa matashi. Mutum biyar suka raka shi makabarta, har da ita da wanta Yussif, wanda ya ajiye tasinsa ya zo. Lauyan tsohon ya ce ita aka bar wa kwalayen. Yussif ya loda su a bayan mota yana cewa ɗakin nata ina zai ɗauka. Ta ce ya sauke ta a unguwar Soundview tukuna, akwai wata tsohuwa da ke jiran ta ƙarfe biyu.