Shekarar da Aka Tambayi Auta

Aikin Malama shi ne ƙirga yaran da ba sa gani kuma ba sa ji. Wata ƙungiya ce ta ɗauke ta. Duk shekara takan bi gida-gida, ta ga wa ya ƙaru, wa ya tashi, wa ya rasu, sannan ta tambayi iyaye abin da yaran ke buƙata. Amsoshin har ta haddace su: na'urar ji, sanda, makaranta, motar zuwa asibiti.

Bana shugabar ƙungiyar ta ce duk yaron da ya tasa, shi za a tambaya da kansa. Malama ba ta yi musu ba, amma a ranta ta ce an dai ƙara mata wahala.

Gidan wata mai ɗinki yana saman shagon gyaran waya. Malama ta hau benen tana haki, mai ɗinkin ta kwashe tulin yadi daga kujera ta ba ta wuri. 'Yarta Auta, mai shekara goma sha biyar, tana zaune a ƙasa tana ware maɓallai manya da ƙanana cikin gwangwanaye. Zazzaɓi ne ya tafi da ji da ganinta tun tana ƙarama.

"Rubuta irin na bara," in ji uwar. "Ba abin da ya canza sai tsawo da ci."

"Bana ita zan tambaya, Maman Auta."

Uwar ta yi dariya. "To bismillah. Ni ce bakinta, ni ce idonta, amma gwada."

Auta ta koyi maganar hannu a cibiyar ƙungiyar, Malama ma ta iya. Ta durƙusa ta taɓa kafaɗarta, ta sa hannuwanta ƙarƙashin na yarinyar, ta faɗi ko wace ce, ta yi tambayar. Sai yatsun Auta suka fara aiki, da sauri har sai da Malama ta ce ta maimaita.

"Me ta ce?" uwar ta tambaya, ƙafarta a kan keken ɗinki.

Malama ta juyo gare ta. "Cewa ta yi, in mutum zai fita daga ɗaki, ya riƙa gaya mata. Wai takan yi ta ba da labari, sai ta miƙa hannu ta ji ashe ba kowa."

Keken ya tsaya. Uwar ta sauke ƙafarta.

"Tukunya nake dubawa fa," ta ce a hankali. "Ko in leƙa masu karɓar ɗinki. Ai ba nisa nake yi ba."

"Na sani. Ita ce ba ta da yadda za ta sani."

Malama ta nuna mata alama mai sauƙi: a shafa bayan hannu in za a fita, a matsa kafaɗa in an dawo. Uwar ta gwada. Auta ta kama hannunta ta gyara mata, kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya.

Daga ranar Malama ta riƙa tambayar yaran sauran gidajen ko su ma akan fita a bar su ba a gaya musu ba. Yawancin yaran da suka iya amsawa sun ce su ma haka ake musu. Ta kai maganar ofis, aka sa ta cikin abin da ake koya wa iyaye.

Bayan wasu watanni ta haɗu da mai ɗinkin a bakin kantin zare.

"Malama, kin ja mini! Yanzu ko banɗaki zan shiga sai na nemi izini. In na dawo daga kasuwa kuwa, sai ta laluba jakata ta ji me na sayo, wa na gani, me ya ce."

Suka yi dariya, Malama ta yi mata sallama ta wuce. An ba ta labarin wani yaro a bayan tashar mota wanda ba a taɓa ƙirga shi ba, kuma kakansa ya riga ya gaya wa maƙwabta babu irin wannan yaro a gidansa. Ta tsaya a ƙofar gidan kakan, ta gyara jakarta, ta ƙwanƙwasa.