Yadda Ake Juya Baya a Glenvarra

Ranar da Malam Fintan ya karanta sunayen waɗanda za su fito a wasan bana, Concepta Lavelle ta ɗauka kunnenta ne ya yi mata ƙarya. Wai Dervla Padden ce za ta fito a matsayin Honor Lavelle. Dervla fa! Yarinyar da ke wanke wa tsofaffi kai a shagon gyaran gashi, mai murya siririya kamar ta sauro.

Duk wanda aka haifa a Glenvarra ya san labarin Honor. Zamanin da masu ƙasa ke korar talakawa daga gonakinsu, aka rushe mata ɗaki aka watso ta waje da 'ya'yanta. Sai ta tara matan gari ta ce kada wanda ya ɗauki sanda ko dutse. Wakilin mai ƙasar dai, a daina gaishe shi, a daina sayar masa da madara, in ya zauna a coci a tashi a bar masa bencin. Haka aka yi masa har ya tattara komatsansa ya bar yankinsu na Mayo gaba ɗaya. Labarin nan ne Malam Fintan, tsohon hedimasta da zaman banza ya ishe shi, ya mayar wasan waƙa, da wasu baitoci masu ɗingishi da aka rasa mai gaya masa gaskiya a kansu.

Ita kuwa Concepta, tun kafin Dervla ta iya tafiya take fitowa jaruma a wasannin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta garin. Makullin zauren coci yana hannunta, piyanon ma na marigayiya uwarta ne. Ga shi sunanta Lavelle. Da aure ta samo shi, gaskiya, amma wa ya isa ya tuna mata?

"Malam Fintan," ta ce, "ni kuma wace ce?"

"Uwar Honor, Misis Lavelle. Akwai waƙa mai daɗi a kashin farko."

"Wadda ke mutuwa kafin a tashi hutun shan shayi?"

"Ai mutuwa ce mai kyau," in ji shi, yana kallon takalminsa.

Ba ta yi faɗa ba, faɗa na marasa aji ne. Sai ranar Lahadi da aka fito daga coci, ta tsaya inda mata ke taruwa, ta sassauta murya ta ce ita ba ruwanta, yarinyar tana da kirki, amma dai kowa ya san wanda ya karɓi gonar Honor bayan an kore ta. Kakan kakan Dervla ne. Har gobe tumakin Malachy Padden, uban yarinyar, ke kiwo a kan kufan ɗakin. Jikar mai ƙwacen gona ta yafa mayafin Honor? To, in gari ya yarda, ita a su wa.

A Glenvarra ba a manta irin wannan abu, amma ba a furta shi. Kowa ya san gidan da ya ci gonar wani, kowa kuma yana gaishe su, yana zuwa jana'izarsu. Concepta ta furta. Cikin makon nan Dervla ta zo zauren da mayafin a ninke.

"Ga shi, Misis Lavelle. Na wanke."

"Haba 'yar nan, ni ban ce ki fita ba."

"Na sani. Ke ai ba ki taɓa cewa komai ba."

Malachy kuwa, dattijon da ya tsufa yana zama a benci na uku, ya koma can baya kusa da ƙofa. Concepta ta gani, ta ce a ranta ƙila iska yake so. Malam Fintan ya miƙa wa Concepta mayafin ba tare da ya ɗaga kai ba, dama namiji ne a suna kawai.

Sai kuma ta far wa matan amshi. Kai, Allah ya haɗa ta da kayan haushi! Attracta ta gidan waya ba ta san hagu da dama ba, Philomena kuma rera waƙa take kamar tana kiran kaji. Babban wurin wasan shi ne inda Honor za ta hau dutse ta rera, "Matan Glenvarra, wa muka daina gani?" Nan matan za su juya wa wakilin baya gaba ɗaya, su amsa mata. Su kuwa sai su riƙa jujjuyawa kowa da lokacinta.

"Ba haka ake juya baya ba!" Concepta ta daka musu tsawa. "Shanu ne ku? Tare! Ƙafar hagu, sannan kafaɗa. Kuma kada wadda ta waiga, ko kuka yake yi. Wanda aka juya wa baya ya mutu, ba a leƙen gawa."

"Mun ji, Concepta," in ji Attracta. "Ƙara nuna mana."

Ta nuna, ta sake nunawa, tana tsaki. Ita dai ba ta taɓa ganin daƙiƙai masu son maimaici irinsu ba.

Ranar wasa, Lahadi da la'asar, zaure ya cika maƙil, sai warin jiƙaƙƙun rigunan sanyi. Cathal mahauci ne wakilin, gashin bakin da aka manna masa ya ɓalle gefe ɗaya yana lilo. Concepta ta hau akwatin kifin da aka shafa wa toka ya zama dutse, ta gyara mayafi, ta buɗe ƙirji. Muryarta ta fita yadda take so, har tsikar jikinta ta tashi.

"Matan Glenvarra, wa muka daina gani?"

Matan suka juya. Ƙafar hagu, sannan kafaɗa, tare cif, ba su taɓa yi da kyau haka ba. Sai dai fuskokinsu na wajen Cathal, wanda ya tsaya baki buɗe, bayansu kuma na wajenta. Ba wadda ta amsa.

Mai piyano ta sake shigar da kiɗan. Concepta ta sake rerawa. Shiru. Malam Fintan na bayan labule yana raɗa musu baitin kamar mantawa suka yi.

Da 'yan kallo sun yi dariya da ta ji sauƙi, sai a ce kuskure ne. Ba wanda ya yi ko tari. Duk sun gane. Can baya kusa da ƙofa Malachy Padden na zaune da hularsa a gwiwa, Dervla na gefensa, su kaɗai ne a zauren ke kallon ta.

Tsoro ya kama Concepta, irin wanda ba ta taɓa ji ba, don gobe ma a garin nan za ta sayi madara.

"Attracta," ta ce ƙasa-ƙasa. "Philomena. Don Allah mana."

Ba wadda ta waiga. Ita da kanta ta koya musu.