Ranar da Orval Ya Ɗora Kasko

Tun da aka sallamo Loretta daga asibiti ba ta sake zama a teburin cin abinci ba. Shanyewar ɓarin jiki ce ta same ta, ta taɓa hannun dama da gefen baki. Ƙafar ta fara dawowa, maganar ma tana fitowa guntu-guntu, amma idan ta kai cokali baki da hagu sai rabin abin ya zubo mata a ƙirji. Mace ce mai tsabta har ta yi yawa. Don haka a ɗaki take cin abincinta, ƙofa a rufe, ko mijinta Orval ba ta yarda ya tsaya a kanta.

Shi kuwa Orval, duk tsawon zamansu, abin da ya iya a kicin bai wuce dafa kofi ba. Girkin gidan sai ya koma kan 'yarsu Gwen, wadda ita da mijinta Curtis suke riƙe da gonar tun da gwiwoyin tsohon suka gaza. Ga shi Oktoba ta shigo, masarar arewacin jihar Iowa ta bushe a tsaye, kowa na rige-rigen girbewa kafin ruwa ya sauko.

Wata ranar Laraba da la'asar Orval ya ɗauki fulas ɗin kofi ya taka zuwa bakin gona. Curtis na can nesa a cikin injin girbi, ƙura na bin sa. Motar ɗaukar hatsi na tsaye a gefen hanya, a ciki kuma ya tarar da Gwen ta kifa kai a kan sitiyari tana barci, baki buɗe, jakar cefane a kujerar gefenta. Ya daɗe yana kallonta. Sai a ranar ya lura furfura ta fara fito mata a gefen kunne.

Ya buɗe ƙofar a hankali ya jawo jakar. Ta farka a firgice.

"Baba! Ƙarfe nawa? Bari in je in ɗora..."

"Zauna. Me kika sayo?"

"Kayan sulofi-jo ne kawai. Shi ne ba ya cin lokaci."

"To, yau ni zan yi."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai, Baba? Ka ma san inda kasko yake?"

"Nama ne da tumatir a cikin burodi. Mutumin da ya kwance injin tarakta ya mayar, wannan ne zai gagare shi?"

"Don Allah dai kada ka ƙone mana gidan," in ji ta, tana mayar da kai kan sitiyari.

Da ya koma gida, kaskon ƙarfen bai samu ba sai da ya buɗe kusan kowace durowa, murafan tukwane na faɗowa ƙasa. Ya kunna murhu har ƙarshe, ya juye niƙaƙƙen naman shanun a dunƙule kamar bulo, ya juya baya yana yanka albasa manya-manya, idonsa na ruwa. Kafin ya gama, hayaƙi ya kai rufi.

Daga nan ya ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sandar Loretta a kan katakon falo. Ta tsaya a bakin ƙofa da rigar sanyinta mai launin toka, tana kallon kicin ɗinta.

"Wuta," ta ce. "Rage."

Ya rage.

"Far... farfasa."

Ya ɗauki ludayin katako ya shiga farfasa naman. Ita kuma ta ja jiki zuwa kujerar da ke kusa, ta zauna da ƙyar, ba don tana son zama ba, sai don ƙafar ta gaji. Ya karɓi sandar ya jingine bayan ƙofa don kada ya yi tuntuɓe da ita. Ta nuna albasar da haɓa.

"Doki za ka ba?"

Ya sake yankawa ƙanana, ya haɗa da koren tattasai. Da naman ya yi ja-ja, mai ya taso, ya ɗauki kaskon ya nufi wurin wanke-wanke zai tsiyaye. Ta buga tebur da tafin hagu har gishiri ya yi tsalle. Gwangwani ta nuna masa. A ciki ake zuba man, ba a rariya ba.

Haka suka yi ta yi. Ya matsa tumatirin kwalba, ta ɗaga hannu ya tsaya. Ya sa jan sukari, ta ce ƙara. Ya sa mastad mai ɗan yaji da ɗan ruwan tsami, ya zuba ruwa kaɗan, ya bar shi yana tafasa a hankali yana ɓul-ɓul. Ƙamshin ya kori ƙaurin da ya cika gidan. Orval ya lura da wani abu: kalmomin da take sha wahalar nemowa a ɗaki, a nan suna zuwa mata da sauri, musamman na faɗa.

"Kawo," ta ce.

Ya ɗebo a ƙaramin cokali ya miƙa mata. Ta karɓa da hagu, ta ɗanɗana, ɗigo ɗaya ya sauka a kan rigar toka. Ta yi cak. Orval ya juya ga murhu, ya duƙufa wajen juya naman da ba ya buƙatar juyi, har sai da ya ji muryarta.

"Burodi. Shafa man shanu. Gasa."

Yana cikin gasawa aka ji tsayuwar mota, sai takun manyan takalma a baranda. Loretta ta waiga tana neman sandarta. Orval ya ga idonta. Ya ajiye ludayi, ya ɗauko sandar ya jingina ta a jikin teburin, daidai hannunta na hagu, ya koma ga burodinsa. Bai ce tafi ba, bai ce zauna ba.

Gwen ce ta fara shigowa. Ta ga uwarta a teburi, ta wuce wanke hannu kamar kullum haka ake yi. Curtis, ƙaton mutum mai jan gemu, ya cire hula ya shaƙi iska.

"Mama, ashe ke kika ceci abincin nan. Ni har na yi shirin kwana da yunwa."

"Kai dai zauna," in ji Orval. "Wanda ya raina bai ci ba."

Loretta ta ɗora hannu a kan sandar, ta daɗe a haka. Sannan ta sauke shi, ta jawo faranti gabanta.

Curtis ya yi gajeriyar addu'a. Orval ya cika kowane burodi ya yi tozo, don bai san iyakar zubawa ba, ya ajiye soyayyen dankali na leda da kokwamba mai tsami a tsakiya. Curtis ya kai cizon farko, rabin naman ya fice ta baya, ya bi gemu ya sauka a aljihun riga. Gwen na cikin yi masa dariya nata ya zubo mata har gwiwar hannu.

"Baba, wannan ai sai da shebur!"

Orval ya ɗauki wuƙa zai yanka wa Loretta nata gida huɗu.

"Bari," ta ce.

Ta ɗauka da hagu, ta sunkuya, ta ciza. Miyar ta gangaro ta gefen bakin da ba ya ji, ta bi haɓa. Gwen ta yunƙura da tsumma, Orval ya taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur, ta koma ta zauna. Loretta ta tauna a hankali ta haɗiye. Ta ɗago ido ta dubi surukinta, da guntun albasa maƙale a gemunsa.

"Ƙazami," ta ce.

Curtis ya fashe da dariya har ya sarƙe. Ita ma ta yi tata, ɓari guda na bakin ya ɗaga, kafaɗunta na girgiza. Ta goge haɓarta da kanta, ta sake ciza. Ta ci fiye da rabi kafin ta ture farantin, ta gaya wa Orval gishiri ya yi yawa.

Ba wai daga ranar komai ya daidaita ba. Akwai ranakun da hannun ke ƙin ba ta haɗin kai, ta koma ɗaki ta rufe ƙofa, Orval ya ajiye mata tire ya fita. Amma girki ya bar kan Gwen har aka gama girbi. Kowace la'asar tsohon na gaban murhu, matarsa na kan kujera tana ba da umarni. Kafin dusar ƙanƙara ta fara sauka ya iya miyar kaza da taliya, ya iya dafa dankali ya murƙushe shi da madara.

Ranar da aka kai motar masara ta ƙarshe, ruwan da ake gudu ya sauko da yamma. Curtis da Gwen suka tafi gidansu su yi barcin da suka daɗe ba su yi ba. Orval ya dafa kofi, ya zuba wa Loretta rabin kofi don ya yi mata sauƙin ɗauka, suka zauna a bakin taga suna kallon ruwan yana jiƙa kararen da suka rage a gona.