Gurguwar Kujera a Aji Huɗu

Kafintan yana cikin goge ƙofar wani kabad da samfefa, ranar Talata wajen ƙarfe goma sha ɗaya, sai wayarsa ta yi ƙara. Da ya ga lambar makarantar 'yarsa ce, ya yar da samfefar ya ɗauka da sauri.

'Yar tasa shekararta tara, tana aji huɗu. Guguwa ake ce mata a gida da waje, don tun tana rarrafe ba a taɓa ganin ta zauna wuri ɗaya har shayi ya huce ba. Ba rashin kunya ba ne, ƙwaƙwalwa kuma tana da ita. Zaman ne kawai ba ta iyawa. Malami yana tsakiyar bayani sai ta miƙe ta fice, ta zaga bayan ajujuwa da gudu, ta dawo tana haki.

Farkon zangon nan hedimasta ya kira shi da uwarta, ya ce haƙuri ya ƙare. In ta fita daga aji sau goma ba izini, za a mayar da ita cibiyar yara ta can ƙarshen gari. Cibiyar kuwa mota biyu ce daga gidansu. Uwar tana shara a asibiti tun da sassafe, shi kuma ga shago. Ba mai kai ta, ba mai ɗauko ta. Su biyun sun san in aka ce cibiya, to zaman gida ke nan.

Cikin wata ɗaya ta yi takwas. Sai aka haɗa ta da malamar ɗakin baya, mai ɗaukar yaran da aji ya gagare su, ta zauna da su awa ɗaya kullum, ta lallaɓa ta mayar da su cikin 'yan uwansu. Malama Sannu-sannu yara ke ce mata. Tun daga nan aka yi sati shida cur ba fita ko ɗaya.

Ita ce a wayar.

"Baban Guguwa, jiya ta fita. Tara ke nan. Yau da na ga idonta yana kan ƙofa na janyo ta wurina. Amma bayan hutun rana suna da jarrabawar lissafi, awa ɗaya da rabi, kuma dole a ajinsu za ta yi. Ka zo."

Ya ɗaure jakar kayan aikinsa a bayan keke, don bai iya fita ba ita, ya taka. A hanya ya kusa kaɗe akuya. Wani mai mota ya zage shi, bai ma waiga ba. Lissafi yake ta yi. Me ya canja? Barci ta yi, abinci ta ci, ba wanda ya daka mata tsawa. Ranar Lahadi ma ita ta karanta masa takardar wani mai aiki.

Ɗakin baya ƙarami ne, kusa da sito. Akwai tabarma, da kwali cike da marafan kwalba na ƙirga, da tsohuwar taya da aka yi wa fenti. An ja dogon layi da alli a ƙasa, Guguwa tana tafiya a kai, ta je ta dawo, tana rera jadawalin bakwai. Da ta ga ubanta ta sunkuyar da kai, amma ƙafarta ba ta tsaya ba.

"Sannu da zuwa," in ji Malama. "Wani bawan Allah ne ya ɓata mana kujera."

"Karya ta aka yi? Ai ga kayan aiki, yanzu sai in..."

"Da karya ta aka yi da sauƙi. Gyara ta aka yi."

Ya tsaya yana kallonta. Ta ce kujerar Guguwa ƙafarta ɗaya gajera ce, da gangan ta zaɓa mata ita. Sati biyu ta yi tana tonon sito kafin ta samu wadda ta gurgunce daidai. Ta kuma ɗaura robar tib ta cikin taya tsakanin ƙafafun gaba. Yarinya ta zauna tana girgiɗi, tana harbin robar da dunduniya, jikinta ya samu abin yi, kanta kuma ya tsaya kan allo.

"Jiya na shiga, na tarar da kujera tsaye ƙyam kamar soja. Robar ma an yanke. Ni dai ina so in ga mai wannan aikin alherin."

Kafintan ya kawar da kai. Ranar Asabar ɗin da ta wuce iyaye sun zo aikin gyaran makaranta, masu fenti na fenti, masu shara na shara. Shi ya shiga aji huɗu da hamarsa, ya nemi inda 'yarsa ke zama. Da ya dafa kujerar ya ji tana rawa, ga wata ƙazamar roba a ɗaure, ransa ya ɓaci. 'Yar kafinta guda a kan gurguwar kujera? Ya yanko guntun katako, ya shafa gam, ya buga ƙusa biyu, ya daidaita sauran ƙafafun har ya ɗora kofin ruwa a kai bai motsa ba. Ya tafi gida yana jin daɗi, bai gaya wa kowa ba.

Ya sosa ƙeya. "Malama, ga shi a gabanki."

Guguwa ta tsaya cak a kan layin. "Baba! Kai ne?"

"Ni ne, uwata."

"Na zauna kamar an zuba mini tururuwa a riga! Na yi ta turawa, ta ƙi!"

Malama ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. "Ai kuwa ka iya aiki. Mu uku muka taru a kanta jiya, ko gezau. Laifina ne ma, da ban gaya muku ba." Ta duba agogo, dariyar ta ɗauke. "Yanzu za a fita hutu. Minti ashirin gare ka, ka mayar da ita yadda take."

Malamin aji huɗu yana rarraba takardu a kan teburinsa lokacin da suka shiga. Da ya ga zarto ya miƙe.

"Maigida, kayan makaranta ne fa. Jiya har hedimasta na nuna wa, na ce ga kujera ɗaya tak mai lafiya a ajin nan."

"Malam, ko dai kujera mai lafiya, ko ɗaliba a kanta," in ji Malama. "Zaɓi ɗaya."

Ya kalli Guguwa, wadda ta riga ta zaga ajin sau biyu. Ya ce, "Ni dai ban ga komai ba," ya koma kan takardunsa.

Kafintan ya kifa kujerar, ya zare ƙusoshin, ya ɓamɓare guntun katakon. Ya ajiye ta. Da ƙyar take motsi, don ranar Asabar ya rage sauran ƙafafun uku. Dole sai an yanka. Ya ɗora zarto a kan ƙafar baya, hannunsa ya ƙi. Shekara ashirin yana daidaita ƙafafun kujeru, maigidan da ya koya masa aiki har ranƙwashi yake yi masa a kan tazarar da ba ta kai ƙwayar ashana ba. Yau ga shi zai gurgunta lafiyayya da hannunsa, kuma ba awo.

"Nawa zan cire?"

"Ita za ka tambaya," in ji Malama.

Ya yanke ɗan siriri. Guguwa ta hau, ta karkata hagu da dama.

"Ƙara."

Ya ƙara.

"Baba, ba ƙwai ba ne fa. Ƙara."

"In na wuce ba ya komawa, 'yar nan."

"Ai ka iya mayarwa. Mun gani."

Malamin aji ya yi tari don kada dariya ta kufce masa. A waje yara sun fara taruwa bakin taga. A yanka na huɗu ta zauna, kujerar ta yi ƙwas, ta dawo ƙwas. Ta lumshe ido ta yi ta yi.

"Ya isa. Saura roba."

Robar kuwa tun Asabar ya jefa ta a shara. Ya fita da gudu zuwa wurin kekensa, ya kwance wadda yake ɗaure jaka da ita, ya dawo, ya ɗaura. Yana ƙulli na biyu aka buga ƙararrawa. Malama ta ce wa malamin aji a sa guntun kwali a ƙarƙashin ƙafar saboda ƙara, sannan ta kora kafintan waje.

Maigadi, wani dattijo mai sanda, ya matsa masa a benci bakin ƙofar makaranta. Ya zauna. Ya tashi. Ya je ya matsa tayar kekensa, ya dawo. Ya tsinci tsinke ya karya shi gida takwas. Daga inda yake ana hango tagar aji huɗu, da kan Guguwa yana sama yana ƙasa kamar wadda ke kan jaki.

"Ɗana, bencin nan ƙaya gare shi?" in ji maigadi.

"A'a, baba."

"To yanzu na gane inda yarinyar nan ta samo abin. Kai aji nawa ka kai?"

"Uku. Malaminmu ya gaji da dukana, ni ma na gaji da shi."

"Da an yanke maka ƙafar kujera, da yanzu kai ne hedimasta."

A daidai nan Guguwa ta miƙe. Ya ga ta nufi gaban aji, wajen ƙofa. Ya riƙe ƙarfen get ɗin da hannu biyu. Ƙofar ba ta buɗe ba. Can sai ga ta ta dawo da wata takarda a hannu, ta zauna, kan ya ci gaba da sama da ƙasa. Ƙarin takarda ta karɓo. Ya saki ƙarfen, tafin hannunsa duk tsatsa.

Da aka buga ƙararrawar tashi, ita ta fara fitowa. Ta wuce shi a guje, ta zaga filin ƙwallo sau uku kafin ta zo ta faɗa jikinsa.

Malama ta biyo baya a hankali. "Tara dai. Saura sati biyar a gama zango. Ni ba na yin alkawari, amma yau ta wuce."

"Allah ya saka, Malama."

Ya ɗora Guguwa a bayan keke, ta rungume jakar kayan aiki tunda ba abin ɗaure ta. Sun kai kwanar titi ta ja rigarsa.

"Baba, ka yi mini irinta a gida, ta aikin gida."

Kujeru huɗu ne a ɗakinsu, duk shi ya yi su da hannunsa shekarar da ya auri uwarta, kuma har yau kullum sai uwar ta goge su. Ya yi ta taka keke har suka wuce gidan mai.

"To," ya ce. "Amma ke za ki fara gaya wa mamanki."